Zoben rijiya zai iya zama manhol? Ina neman shawarar masana kafin in saya

Ɗan Kwangila

Assalamu alaikum, injiniyoyi da magina na wannan zaure. Aiki ne a hannuna a wani rukunin gidaje a Abuja. Za a ja bututun ƙazamin ruwa daga gidajen a haɗa shi da babban layin gwamnati da ke tafiya matatar ƙazamin ruwa ta Wupa. Bututan roba ne na uPVC, na milimita 200 a rassa, na 250 a babban layin cikin rukunin. Manhol, wato ramin da ake shiga a duba bututu a yashe shi, guda 14 ne a zane, zurfinsu daga mita 1.5 zuwa mita 3. Biyar a tsakiyar titi suke, uku kuma suna gangare kusa da rafi, inda da damina ko mita ɗaya ba ka haƙa ba ruwa zai tsattsafo.

Abin da zanen ya ce kawai shi ne a yi su da kankaren da aka zuba a waje aka kawo, bisa ƙa'idar manhol na kankare ta BS EN 1917. Babu ƙarin bayani. To akwai masu buga zoben rijiya da kwalbati a bakin hanya, sun ce za su buga mini zobba a kuɗin da bai kai rabin na kamfani ba. Shin zan iya amfani da su? In ba zai yiwu ba, wane faɗi, wane kauri da wane irin kankare zan nema? Kuma me ake dubawa kafin a karɓi aikin? Allah ya saka da alheri.

Injiniyan Magudanai

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Amsar tambayarka ta farko ita ce a'a. Zoben rijiya da zoben manhol kama ce kawai ta haɗa su, aikinsu kishiyar juna ne. Na rijiya an yi shi ne ya tare ƙasa kar ta rufta, ruwa kuma ya riƙa shigowa ta tsakanin zobba, shi ya sa bakinsa a shafe yake, ɗora wani ake yi kan wani. Manhol kuwa ba a son ko ɗigo ya fita ko ya shiga. In ya fita, ruwan bahaya ne ke gangarawa rijiyoyi da burtsatsen unguwa. In ya shiga, ba shi kaɗai yake shiga ba, yana janyo lallausar ƙasar da ke bayan zoben, a hankali kogo ya samu a ƙarƙashin kwalta. Titin da ka ga ya lotsa a kewayen murfin manhol, galibi abin da ya faru ke nan.

Faɗin ciki kar ya gaza milimita 1200. Zoben rijiya yawanci bai wuce mita ɗaya ba, mutum ba zai iya tsugunawa a ciki ya tura sandar yasa cikin bututu ba. A tsarin Ingila, bututun da bai kai 375 ba manhol na 1200 ake ba shi, har zuwa 450 na 1350, har zuwa 700 na 1500. Naka duka 1200 ya ishe su, sai dai in akwai inda bututu uku ko huɗu za su haɗu. A nan ka tabbatar akwai kankare aƙalla milimita 150 tsakanin rami da rami, in babu ka hau zuwa 1500.

Kauri kuma, ƙa'idar Amurka ta ASTM C478 ta ce bango kar ya gaza ɗaya bisa goma sha biyu na faɗin ciki, wato milimita 100 ga zoben 1200. Ni 125 zan ce ka nema, don rodi ya samu rufi sosai. Rodin da ke zagaye zoben a wannan ƙa'idar kusan mm² 254 ne a kowace mita ta tsayi, kuma tazarar zagaye da zagaye kar ta wuce milimita 150. Rodi na 8 a tazarar 150 yana ba ka mm² 335, ya wadatar. A tsakiyar kaurin bangon zai zauna. Ƙarfin kankare, wanda ake aunawa da ma'aunin MPa, a ASTM bai gaza 27.6 ba a kwana 28 da zubi, amma wadda zanenka ya ambata ta fi tsanani: tana neman MPa 40 a gindi da wasu sassan, ruwa kar ya wuce 0.45 na nauyin siminti, kankaren kuma kar ya sha ruwa fiye da kashi 6 cikin ɗari na nauyinsa.

Yanzu gindi, don nan ne aiki yake lalacewa ko da zobban na kirki ne. Mafi kyau a zuba gindin tare da zoben farko a zubi ɗaya, babu haɗi a ƙasa inda matsin ruwa ya fi yawa. A zaunar da shi kan tsakuwar da aka daddaɓe mai kaurin milimita 150, ko kan siririn kankare na 75, a auna shi ya daidaita ta kowane ɓangare. Karkatar da ido ba ya gani a gindi, kafin a kai mita 3 ta zama abin kallo, kuma haɗin zobba ba zai matse daidai ba.

A cikin gindin ake fitar da kwarin da ruwa zai bi. Siffarsa rabin bututu ce a ƙasa, faɗinsa daidai da bututun, gefensa ya miƙe tsaye har zuwa saman bututun, sannan a yi dakali hagu da dama mai gangara zuwa kwarin, gangarar tsakanin 1 cikin 10 da 1 cikin 30. In dakalin ya kwanta sarai, duk lokacin da ruwa ya cika ya janye sai ya bar ƙazanta a kai tana ruɓewa. In ya yi tsaye da yawa, mai yasa zai zame. A goge kwarin ya yi santsi, kwana kuma a lanƙwasa ta a hankali, kar a yi ta da kusurwa. Reshe ya shigo yana bin inda ruwa ya nufa, kar ya zo yana karo da shi. A bar faɗuwa kamar milimita 30 tsakanin mashiga da mafita. Inda na 200 zai shiga na 250, saman bututan ake daidaitawa, ba ƙasansu ba, ka ga ƙaramin zai ɗara babban tsayi da kusan milimita 50, ruwan babban ba zai koma cikinsa ba.

Kar ka bari a yi wa manhol na ƙazamin ruwa rami a ƙasan kwari wai don tara yashi. Wannan na layin ruwan sama ne, inda ake barin milimita 300 zuwa 450 don yashi da ledar fiya wata su kwanta a kwashe. A layin bahaya, masai ka gina a tsakiyar titi.

Shigar bututu cikin bango ma akwai magana. uPVC ba ya kama siminti. In aka cusa shi a rami aka liƙe da kwaɓi, zafi da sanyi kaɗai sun isa su raba su, yoyo ya fara. Ana sa masa robar haɗi da aka yi don haka, ramin kuma ko a bar shi tun wurin zubi ko a huda shi da injin huda kankare mai yanka da'ira. Guduma da kurfi suna tsaga zoben, su bar rodi a waje. Daga bangon, a sa haɗi mai motsi kusa da shi iya yadda zai yiwu, sai guntun bututu na milimita 600, sai wani haɗin, sannan dogon bututu ya ci gaba. Dalili shi ne manhol ya fi bututu nauyi nesa ba kusa ba, zai zauna fiye da shi. In babu wannan guntun da zai ɗan karkata ya shanye bambancin, bututun a bakin bango zai karye.

In reshe ya zo sama da kwarin da fiye da milimita 600, kar a bar shi yana zubowa daga sama. A saukar da shi da bututu a tsaye ta bayan bangon, a lulluɓe da kankare na 150, ya shigo daidai kwarin, a bar bakin na saman a buɗe ta ciki don tura sandar yasa.

Mai Gidan Zubi

Injiniya ya gama magana kan zane. Bari in ƙara ta ɓangaren zubi, don mai bugun bakin hanya ma zai iya cewa zai yi maka 1200 mai kaurin 125, kuma ya yi, amma kankaren ya zama na bulo.

Abu na farko mazubi. Dole ya zama na ƙarfe mai fitar da baki mace da namiji, yadda na sama zai zauna cikin na ƙasa. In mazubinsa ba ya fitar da wannan bakin, magana ta ƙare, babu inda roba za ta zauna.

Na biyu ruwa. Lissafin 0.45 ɗin nan a buhun siminti mai kilo 50 lita 22.5 ne, har da ruwan da ke jikin yashi. Yashin da aka kwaso daga rafi da danshinsa yana iya ɗauke da lita uku zuwa huɗu a abin da buhu ɗaya zai ci. Ke nan abin da za a zuba bai wuce lita 18 ko 19 ba. Jarkar nan mai ruwan ɗorawa lita 25 ce, in ka ga ana juye ta duka a buhu ɗaya an riga an wuce iyaka. Leburori suna son kwaɓi mai ruwa don ya fi saurin shiga mazubi, amma ruwan da ya yi yawa in ya bushe ƙananan hanyoyi yake bari a jikin kankaren, ta nan ƙazanta ke bi ta kai ga rodi. In kwaɓin ya yi tauri, maganin sassauta kankare ake sawa, ba ƙarin ruwa ba.

Siminti ka nemi mai lamba 42.5, ba 32.5 ba, kusan buhu takwas a kowace kubik mita. Haɗin 1:2:4 da aka saba a zubin dakin na bene ba zai kai ka MPa 40 ba ko kusa. Tsakuwa ta fasasshen dutse mai milimita 20 zuwa ƙasa, yashi mai kaifi wanda babu laka. Ka damƙi yashin a hannu ka saki, in ya bar maka jan shafi a tafin hannu a wanke shi ko a canza. Rodi kuma a ɗora shi a sikeli, kar a yarda da sunan da mai shago ya kira shi: mita ɗaya ta rodi na 8 kilo 0.395 ce, na 10 kilo 0.617, na 12 kilo 0.888. A ɗaura masa biskit, wato 'yan guntayen kankaren da ke ba rodi tazara, ciki da waje don kar ya jingina da mazubi lokacin zubi. A zuba kaɗan-kaɗan ana sa injin girgiza, ba a cika mazubi sannan a bubbuga gefensa da katako ba.

Bayan an cire mazubi, kwana bakwai yana jiƙe, a rufe da buhunan algarara ko leda. Da hunturu iska tana busar da fatar kankare cikin sa'o'i kaɗan, ka ga siraran tsaga sun bazu a jiki. Yayyafa ruwa sau ɗaya da safe an yi ba a yi ba ne. A ɗebi samfuri a ƙananan mazubai na milimita 150 a kowace ranar zubi, a kai ɗakin gwaji a fasa a kwana 7 da kwana 28. Na kwana 7 yakan ba da kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin ƙarshe, daga nan za ka san inda aka dosa. Ka sa a rubuta ranar zubi a jikin kowane zobe.

Ranar da aka kawo kaya, kafin a sauke: duk zoben da tsaga ta ratsa kaurinsa, ko rodi ya leƙo, ko jikinsa ya yi ramuka kamar saƙar zuma, ko bakin haɗinsa ya ɓantare, a mayar. Wanda aka shafe da ruwan siminti ya yi fes, ka ƙwanƙwasa shi da guduma, sau da yawa aibi aka rufe. Lafiyayyen kankare ƙara yake yi tsaf, mai rami a ciki sai ka ji bif. Ka zuba masa ruwa kofi ɗaya a gefe, in ya shanye nan take kamar tukunyar ƙasa sabuwa, ka san amsar.

Nauyi kuma kar ka raina shi. Zoben 1200 mai kaurin 125 da tsayin mita ɗaya ya kai tan 1.25. Ba aikin mirginawa da majiya ƙarfi ba ne. Mota mai ƙugiya za ka kawo, a ɗaga ta wuraren ɗagawa da aka tanada, da sarƙoƙi masu tsayi ɗaya. Zura sarƙa ta ramin bututu a ɗaga yana fasa baki.

Ɗan Kwangila

Na gode ƙwarai, Injiniya da Maigida, na fasa maganar zoben rijiya. Saura biyu. Birkilana ya ce a haɗa zobban da kwaɓin siminti a yi filasta ciki da waje, ba sai an sayi roba ba. Ya halatta? Sannan ukun nan na bakin rafi su ne ke hana ni barci, me zan ƙara musu?

Mai Duba Aiki

Malam, birkilanka abin da ya saba ya faɗa maka. Kwaɓin siminti ba ya motsi, manhol kuwa yana motsi, ko na milimita ɗaya ne, duk lokacin da tirela ta taka ko ƙasa ta jiƙe ta bushe. Da ya motsa kwaɓin ya tsage. A busasshiyar ƙasa, a manhol marar zurfi na ruwan sama, ana iya kau da kai. A naka, musamman na titi da na rafi, ko zoben roba ko igiyar butil mai danƙo. In butil ne, a goge bakin ya bushe babu ƙura, a shimfiɗa ta zagaye ba tare da an ja ta ta sirance ba, bakinta biyu su haɗu, a sauke na sama a tsaye sau ɗaya. In ya zauna a karkace aka ɗaga, a cire ta a sa sabuwa. Ramukan ɗagawa a toshe su da kwaɓin da ba ya ƙanƙancewa. Mutane na manta su, kuma ta nan yoyo ya fi fitowa ranar gwaji.

Na bakin rafi, abin tsoron ba yoyo kaɗai ba ne, tasowa ne. Manhol da babu ruwa a cikinsa tulu ne rufaffe a cikin ruwa. Ga lissafin mai zurfin mita 3. Faɗinsa na waje mita 1.45, in ruwan ƙasa ya kai fuskar ƙasa zai ture ruwa kubik mita 4.95, wato ana tura shi sama da ƙarfin tan 4.95. Nauyinsa fa? Zobba na mita 2.6 tan 3.25, gindi mai kaurin 200 tan 0.79, silab na sama mai ƙofar 600 tan 0.66. Jimla tan 4.7. Ka ga ruwan ya fi shi. Dakali da murfi da gogayyar ƙasa a jikinsa za su ƙara wani abu, amma ba a dogara da gogayyar ƙasar da aka cika jiya ta jiƙe sharkaf. Ba sai ya fito waje ba, ya ɗaga da santimita biyu ma ya isa ya karya bututu ko ya juya gangarar layin.

Maganin mai sauƙi ne in an yi shi tun wurin zubi: a faɗaɗa gindin ya fito da milimita 200 ta kowane gefe, kamar bakin faranti. Ƙasar da za ta zauna kan wannan fiffiken, ko a cikin ruwa take, ta kai tan 2.6, fiffiken kansa ya ƙara kusan 0.3. Ka tashi daga 4.7 zuwa kusan 7.6 a kan 4.95, ninki ɗaya da rabi. Mafi ƙarancin da ake karɓa 1.1 ne, da yawa suna neman 1.25. Wannan misali ne, ka sa injiniyan da ya yi zanen ya yi lissafin kowane ɗaya da ainihin zurfinsa ya sa hannu. Kuma famfon zuƙe ruwa kar a kashe shi sai an gama ciko. Lokacin da ya fi haɗari shi ne daren da aka jera zobba, ba a cika ba, ruwan sama ya sauka cikin ramin.

Ciko a yi shi da jar ƙasa mai kyau ko yashi da tsakuwa, shimfiɗa-shimfiɗa na milimita 150 zuwa 200, ana daddaɓewa ana zagayawa. In aka tura ƙasa da katafila ta gefe ɗaya, zobba za su goce daga haɗinsu. Baƙar laka mai kumbura da damina ta tsage da rani, irin ta sassan Borno da Adamawa, ba a mayar da ita ciko ko a ina aka same ta. Ramin da ya wuce mita 1.2 a tokare gefensa, a jiƙaƙƙiyar ƙasa irin ta bakin rafi ma tun kafin nan, ƙasar da aka haƙo kuma a tara ta nesa da baki da aƙalla mita ɗaya.

Gwaji iri biyu ne, kuma a yi kafin ciko don a ga inda yake zuba. Na ruwa, bisa EN 1610: a toshe bututan, a cika shi, a bar shi ya sha aƙalla awa ɗaya, busasshen kankare a zafinmu ma gara ya kwana. Sannan a yi alama, a riƙa ƙara ruwa da ma'auni don ya tsaya kan alamar har minti 30. Abin da aka ƙara kar ya wuce lita 0.4 a kowace murabba'in mita da ruwa ya taɓa. Ga 1200 mai ruwan mita 3, wajen murabba'in mita 12.4 ne, wato lita 5. Na biyu na zuƙe iska ne, ASTM C1244: a rufe, a zuƙe har agogon awon matsi ya nuna inci 10, a kashe injin, a ƙirga lokacin da zai sauka zuwa 9. Ga 1200 mai zurfin ƙafa 10, wato wajen mita 3, kar lokacin ya gaza daƙiƙa 25. In ya faɗi, a shafa ruwan sabulu a haɗin ta ciki, a sake zuƙewa na ɗan lokaci, a buɗe a duba, kumfa zai nuna wurin.

Jami'in Tsaftar Muhalli

Sannunku da ƙoƙari. Ba a taɓo sama ba, kuma nan ne jama'a ke gani.

Murfi bisa EN 124 ake zaɓa. Biyar ɗin nan na titi D400, wanda aka gwada da kusan tan 40. B125 na hanyar ƙafa ne da wurin ajiye ƙananan motoci, A15 na inda mota ba ta hawa sam. Ka duba lambar a zube take a jikin murfin da firam ɗinsa, ba a takardar mai kaya kaɗai ba. Ƙofar kar ta gaza milimita 600. Tsakanin silab da firam a sa zobban daidaita tsayi, jimlarsu kar ta wuce milimita 300, firam ya zauna kan kwaɓi ta ko'ina. Dutse ko guntun bulo da ake cusawa a ƙarƙashinsa don ya kai tsayin kwalta shi ke sa murfi ƙara duk motar da ta wuce, daga baya firam ya fashe. Silab ɗin kansa a rubuta masa sama da ƙasa, don rodinsa mai ɗaukar nauyi a ƙasa yake, in aka kifa shi an gama da shi.

A Abuja kowa ya san yadda 'yan jari bola suke yi wa murfin ƙarfe. Ka nemi mai maƙale da firam da makulli, ko wanda ba na ƙarfe ba mai lambar D400, wanda ba shi da kasuwa a wurin masu awo. Murfin layin bahaya kar ya zama mai huji, ruwan sama zai cika layin. Na bakin rafi da ba a titi suke ba, a ɗaga su su ɗara fuskar ƙasa da milimita 300, ko su wuce inda ambaliya ke kaiwa.

Sai iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, H2S. Ƙazamin ruwa in ya daɗe bai gudu ba yana fitar da ita, zafi kuma yana ƙara ta. Ƙwayoyin bakteriya da ke jikin bango mai danshi suna mayar da ita asid, asid ɗin ya ci siminti. Abin lura, ɓarnar a sama da ruwa take, a ƙarƙashin silab da zobban sama, sai ka ga kankare ya yi fari ya yi laushi, ana kankare shi da ɗan yatsa. Don haka gudun ruwa a bututu kar ya gaza mita 0.6 a daƙiƙa, 0.75 ya fi. Ni zan ce a sa simintin da ke jure salfet a duka.

Kuma ita wannan iskar ta fi iska nauyi, a ƙasa take kwanciya, in ta yi yawa hanci ya daina jin ta. Kar kowa ya shiga manhol da ke haɗe da layi mai aiki sai an auna iska, iskar oksijin ba ta gaza kashi 19.5 cikin ɗari ba, an hura iska, yana ɗaure da igiya, mutum biyu na sama. Wanda ya ga ɗan'uwansa ya faɗi a ciki kar ya bi shi, a jawo shi da igiyar. Ranar haɗawa da layin gwamnati ka nemi izinin AEPB, hukumar kare muhalli ta Abuja, tun da wuri.

Injiniyan Magudanai

Ranka ya daɗe, duk na yarda sai maganar siminti. Mai jure salfet yana kare kankare ne daga salfet da ke cikin ƙasa ko ruwan ƙasa, ko ruwan masana'antu irin na majemun Challawa da Sharaɗa a Kano. Asid ɗin da bakteriya ke yi a bango yana cin sa kamar yadda yake cin kowane siminti. Abin da ke tare asid shi ne shafi: ko rufin roba na HDPE da ake zubawa tare da zoben, ko fentin ifoksi a kan busasshen kankare mai tsabta, ko kwaɓin simintin alumina. Kuma ba duka 14 ne ke buƙata ba. Ɗan Kwangila, ka sa wa masu saukar da reshe daga sama, da na ƙarshe kafin layin gwamnati, da duk wanda famfo zai zuba a cikinsa, don inda ruwa ke fantsama nan iskar ke fita. Ko za a sayi mai jure salfet, a kai ƙasar bakin rafin da ruwanta ɗakin gwaji tukuna.

Matakala kuma, rodin da ake lanƙwasawa a soka a bango kar ka karɓa, tsatsa na cinye shi ta inda ya shiga kankare, ya yi kyau a ido ya karye a ƙafa. Ko mai rufin roba da aka sa tun wurin zubi, tazara 250 zuwa 350 a layi ɗaya, na farko bai wuce milimita 675 daga murfi ba, ko a bar bangon haka a riƙa sauka da tsani. In za a sa, ka gaya wa mai ƙugiya tun zoben farko ya juya shi yadda matakalar za ta faɗo kan dakali, ba kan bakin bututu ba, ƙofar silab kuma ta zo daidai kanta.